Hanyar da Khairunnisa Ta Rubuta

Daura,
Agusta.

Zuwa ga mahaifina, Malam Hussaini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Baba, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya damina a Baure, ruwa ya zauna kuwa? Ka gaida Goggo da duk mutanen gida. Baban Hafizu da yara suna lafiya, na baro su a Kongolam.

Tunda kunnen ya ƙi waya, in yi ta magana kana cewa "na'am?" har kati ya ƙare, na ga gara in koma wa abin da ka koya mini tun ina 'yar firamare. Direban motar Baure ya ce zai riƙa miƙa maka.

Albishirinka, a ƙarshe dai an tuna da ni. Ka san tun da na fara koyar da Hausa a makarantar 'yan matan Kongolam, duk bitar da aka kira, sai bayan an dawo nake jin labari. Wannan karon wata ƙungiya ce mai suna Shirin Rubutu Daga Zuci ta tara malaman insha'i a wani otal a nan Daura, kuma firinsifal ɗinmu, Hajiya Hadijatu, ta rasa wanda za ta tura, don ƙanwarta da ta saba zuwa ta haihu. Sai ga ni.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar farko na raina abin. Rabin ɗakin ba malaman rubutu ba ne. Wanda ke kusa da ni lissafi yake koyarwa, kuma tun kafin a buɗe da addu'a yake tambayar yaushe za a raba alawus. Na ce a raina za mu sha shayi, a ɗauke mu hoto, kowa ya kama gabansa.

Amma da mai koyar da mu ya miƙe sai na gyara zama. Dakta Yazid sunansa, daga Abuja ya zo, mutum mai sanyin murya. Ya tambaya wa a cikinmu bai taɓa ba yara "Yadda Na Yi Hutuna" ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce yarinyar da ta ƙare hutunta a surfe da jan ruwa za ta rubuto mana ta je gidan zu a Kano, mu kuma mu ba ta maki saboda ta sa waƙafi a inda ya dace. Ya ce ashe ƙarya muke koyarwa, da kyakkyawan rubutu. Wallahi Baba sai na ji kamar littattafan 'yan ajina ya leƙa.

Sannan ya ce ba mai koyar da abin da bai taɓa yi ba. Ya raba takardu, ya ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani da idonsa wanda har yau bai bar shi ba. Ka san me na rubuta? Ranar da Inna ta rasu. Yadda na same ka a zaure bayan an dawo daga kai ta, littattafan 'yan aji a cinyarka, jan biro a hannu, amma ba ka juya shafi ko ɗaya ba har aka kira la'asar. Ban taɓa gaya maka na gan ka ba. Ina rubutawa hawaye na ɗiga, ina jin kunyar malamin lissafin nan.

Dakta ya ce haka muke so yara su yi, kuma ba za su yi ba sai sun yarda da mu. Ya ce aji wurin amana ne, abin da yarinya ta rubuta nata ne. In muka koma, za mu gwada zango guda, mu tura musu rubutun da ya fi kyau su gani ko bitar ta yi amfani. Wata ta tambaya ko da sunayen yara, ya ce a'a, su suna ba ya gabansu, cirewa suke yi. Waɗanda suka yi ƙoƙari za a ba su satifiket, a zaɓi wasu su koyar da sauran malamai.

Na daɗe ban ji ina ɗokin komawa aji ba kamar yanzu. Ka sa ni a addu'a.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Murjanatu.


Kongolam,
Oktoba.

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata jiki da sauƙi, kuma an fara shigo da gero lafiya. Waken da ka aiko ya iso, Allah ya ƙara girma. Hafizu ya ce in gaya maka ya sauke izu na biyu.

Takardarka ta zo, na karanta na sake karantawa. Ka ce tun kana hedimasta kake ganin irinsu, su zo da farar mota su tafi da hotuna. Ka kuma ce in kula, ba kowace maganar cikin gida ce take son takarda ba. Na ji, Baba. Amma ina ganin wannan daban ne, bari ka ji dalili.

Da farko yaran kallona kawai suka yi. Na ce kowa ta rubuta abin da ta gani da idonta, sai wata ta ɗaga hannu ta ce wace amsa nake so. Sai da na karanta musu nawa, na Inna. Daga ranar suka fara sakin jiki. Wata ta rubuta yadda kakarta ke murza fura, wata ta rubuta ranar da aka sayar da akuyar da ta raina tun tana 'yar ƙarama. Kurakurai ba a magana, jan birona har ya ƙare. Amma a karon farko ina karanta littattafan ba ina hamma ba.

Akwai wata yarinya a aji biyar, Khairunnisa Sha'aban. Doguwa ce siririya, tana zama can baya jikin taga. Shekararta biyu a hannuna, ban tuna na taɓa jin muryarta ba in ba amsa kiran suna ba. Mahaifinta ɗan fito ne, cikin masu shigo da shinkafa daga Nijar a kan babur ta hanyar daji. A nan kowa ya san haka, ba wanda ke faɗa. Ranar nan ta tsaya sai da kowa ya fita, ta ajiye mini littafinta ta tsaya tana murza bakin hijabi. Ga kaɗan daga abin da ta rubuta, ka gani da kanka:

"Babana ba ya kunna fitilar babur. Ya ce hanyar a hannunsa take. In ya wuce tsohuwar rijiyar da ke bayan tsaunin kalgo sai ya kashe inji ya tura, da buhu biyu a baya, har ya haura ƙorama ta wajen kukoki biyu. Mama tana gane kukan babur ɗinsa cikin na mutane. In ya dawo ni ke cire masa ƙaya da allura, shi kuma yana tambayata me aka koya mana yau."

Baba, ka koyar shekara da shekaru. Ka gaya mini sau nawa ka samu irin wannan? Na ɗago na dube ta. Ita ce ta yi magana, a hankali: "Malama, ke kaɗai za ki karanta ko?" Na ce ni ce, sai malaman da suka koya mana, su kuma suna can Abuja, ba su san ta ba, kuma za su cire sunanta. Ta ce to.

Na ɗauki hoton shafukan da waya na tura tare da na wasu. Ba a jima ba Dakta Yazid ya kira ni da kansa. Ya ce a duk jihar bai ga kamarsa ba, ya ce ni malama ce ta gaske. Kada ka yi mini dariya, na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Tun da na fara aiki ba wani babba da ya taɓa gaya mini haka.

Makon jiya sun turo wata ma'aikaciyarsu, Raihana, ta duba yadda muke yi. Yarinya ce mai fara'a, ta shiga aji ta yi wasa da yara, ta ɗauki hotuna na rahoto. Ta ce in nuna mata mai rubutun babur. Na nuna mata.

Ita kuwa Khairunnisa yanzu ta dawo bencin gaba. Jiya har gyara ta yi mini a allo, na manta ƙugiyar "ɗ". Da ka ga yadda ajin ya fashe da dariya.

An ce a Disamba za a yi bikin rufewa a Daura. In Allah ya kai mu zan ba ka labari. Ka gaida Goggo.

Taka,
Murjanatu.


Kongolam,
Disamba.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai zuciyata ba daɗi, shi ya sa ban jira hutu na zo na faɗa maka da baki ba.

An yi bikin. An cika babban ɗakin otal ɗin da manyan mutane, da masu kayan sarki iri-iri a layin gaba, da 'yan jarida. A bakin ƙofa aka miƙa wa kowa ɗan littafi mai sheƙi, wai zaɓaɓɓun rubutun ɗalibai. Ina karɓa na ga fuskar Khairunnisa a bango, tana murmushi, biro a hannu. Na buɗe. Shafin farko nata ne. Sunanta cikakke, da na mahaifinta, da ajinta, da sunan unguwarsu. Rijiyar tana nan, ƙoramar tana nan, kukokin suna nan. Ko harafi ba su taɓa ba, sai kanun da suka ƙara a sama da manyan baƙaƙe: "Muryar 'Yar Kan Iyaka."

Na tashi zan nemi Dakta, aka ce a zauna an fara. Shi da kansa ya hau mumbari ya karanta shi, daga farko har ƙarshe, da sanyin muryar nan tasa. Ya kai wajen cire ƙaya ya dakata ya cire tabarau ya share ido. Aka yi ta tafi. Ni kuwa layin gaba nake kallo. Wani a cikin masu kayan sarki bai tafa ba, ya dai naɗe littafin ya sa a aljihu.

Sai na ji an kira sunana. Baba, na fita. Ina so ka sani na fita, ban ƙi ba. Aka miƙa mini satifiket, aka ce ina cikin waɗanda za su koyar da sauran malamai, aka ce in yi murmushi za a ɗauki hoto. Na yi.

Da aka tashi cin abinci na tare shi a baranda. Na ce, "Dakta, ka ce za a cire suna." Ya dube ni kamar ya manta inda ya san ni, sannan ya ce ai wancan na rahoton cikin gida ne, wannan kuwa karramawa ce, wace yarinya ce ba ta son a ga sunanta a littafi? Ya ce masu ba da tallafi fuska suke son gani, kuma firinsifal ta sa hannu a madadin iyaye. Na ce ya san sana'ar mahaifinta kuwa? Ya ce ai abin da ya sa rubutun ya yi ƙarfi ke nan. Ya ƙara da cewa kada in ɓata wa kaina ranar farin ciki, ya juya wajen wani baƙo da ke jiransa.

Na sami Hajiya Hadijatu tana zuba wa 'ya'yanta abinci a leda. Ta ce takardu aka kawo mata da yawa ta sa hannu, ita ina ta ga lokacin karantawa? Ta ce in gode Allah, sunan makaranta ya fita.

Kafin motarmu ta iso Kongolam, bidiyon karatun ya riga mu isowa. Sun sa a Fesbuk, mutane suna ta turawa juna. Baban Hafizu ya tare ni a ƙofa da wayarsa a hannu. Bai yi faɗa ba, ka san halinsa. Cewa kawai ya yi a majalisarsu an kalla, kuma ba wanda ya ce uffan bayan an gama.

Na kira Raihana na roƙe ta su sauke. Ta ce sai ta tambayi ofis, ofis kuma sun tafi hutun ƙarshen shekara.

Ka taya ni addu'a Allah ya sa abin ya tsaya a nan. Wannan hutun ba zan samu zuwa ba, ka yi haƙuri.

'Yarka,
Murjanatu.


Kongolam,
Fabrairu.

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Goggo, ka gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba. Na ga takardarka. Na gode da ba ka ce "ai na faɗa miki" ba. Da ka faɗa ma ba ka yi laifi ba.

Abin bai tsaya ba. Ba a yi nisa da bikin ba jami'an kan iyaka suka yi kwanto a wajen kukokin nan. Aikinsu suka yi, ba ni da ta cewa a kansu, an zana musu hanya an kai musu har hannu. Suka kama babura da dama da kayansu, har da na Malam Sha'aban. Shi ya samu ya tsere da ƙafa. Wani yaro matashi a cikinsu ya faɗa ƙorama da babur ya karye a cinya, yana kwance har yanzu.

Asarar babur da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Abokan sana'arsa sun ce 'yarsa ce ta sayar da su. Wasu ma cewa suke biyansa aka yi. Alhazan da ke ba shi kaya sun daina ɗaga wayarsa. Mutumin da aka haifa a garin nan, yanzu in ya zo majalisa sai hira ta mutu. An ce mahaifiyar yaron da ya karye ta je har ƙofar gidansu ta faɗi abin da ba zan iya rubuta maka ba.

Da aka koma makaranta Khairunnisa ba ta dawo ba. Na yi ta ɗaga ranar zuwa gidansu, yau in ce gobe, gobe in ce jibi. Ran Asabar ɗin da ta wuce na daure na je.

Mahaifiyarta, Shatu, ta amsa sallamata ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara bayani, ina cewa ba haka aka yi da mu ba, an yi mini alkawari. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malama, mu ba mu san Dakta ba. Ke muka sani."

Ana haka Malam Sha'aban ya shigo. Gajere ne baƙi, duk ƙafafunsa tabo. Ya tsaya daga nesa muka gaisa. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya sa an karanta masa takardar, kuma ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya ce da aka zo wajen allura sai da ya tashi ya bar wurin, don bai san yarinyar tana kallonsa haka ba. Ya ce, "Ban dake ta ba, Malama. Me zan daka? An ce ta faɗi gaskiya ta faɗa. Amma makaranta ta gama. Ba zan iya tura ta inda ake nuna ta da baki ba."

Na roƙe shi, na ce saura shekara ɗaya ta yi jarrabawar fita, na ce zan nema mata wata makarantar a Mai'adua, zan riƙa kai ta da kaina. Ya ce ya gode. Daga nan na gane an rufe maganar.

Ita ban gan ta ba. Labulen ɗakin yana motsi, na san tana bayansa. Na kira sunanta sau ɗaya. Ba ta amsa ba.

Na kira Dakta Yazid ya fi a ƙirga. Da ya ɗaga ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, za su duba tsarinsu a gaba, amma shi yanzu an mayar da shi wata jiha. Bidiyon sun sauke, bayan ba wayar da ba ta da shi a garin nan. Na tambaya ko akwai abin da za su yi wa iyalin, ya ce ba ya cikin abin da aka ware wa shirin.

Aji kuwa, Baba, ya koma gidan jiya, har ya fi. Na ba su rubutu makon jiya, na ce kowa ta zaɓi abin da take so. Kusan dukansu "Amfanin Tsafta" suka rubuto. Wadda ta yi labarin akuya ta zo ta ce in ba ta tsohon littafinta, babarta ta ce a karɓo. Na ba ta. Washegari sauran ma suka yi layi.

Satifiket ɗin yana ofishin Hajiya, ta sa an yi masa gilashi ta rataye. Kullum sai na wuce ta gabansa in zan sa hannu.

Ka huta lafiya. Ka ci gaba da yi mini addu'a.

Murjanatu.


Kongolam,
Afrilu.

Mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya zafi? Goggo ta aiko cewa ba ka shan ruwa yadda likita ya ce, don Allah ka riƙa sha. Yara suna gaishe ka.

Ka tambaye ni ko zan je bitar da suka kira ni in koyar a Mashi, ka ce duk abin da na zaɓa kada in zaɓe shi don tsoro. Na je, Baba.

Raihana ce ke jagorancin wannan karon. Da na isa ta miƙa mini takardun da zan bi, na duba. Kalmomin Dakta ne ɗaya bayan ɗaya, har da cewa aji wurin amana ne. A tsakiya kuma ga rubutun Khairunnisa, a matsayin misalin nasarar shirin. Sun cire hoton, sun bar sunan. Ni aka ba in karanta.

Na tsaya gaban malaman, sababbin fuskoki, mafi yawansu daga ƙauyukan bakin iyaka kamar namu. Na koyar da kashin farko yadda aka tsara, don har yau ban ce ƙarya ne ba, yara sun fi rubutu in abin nasu ne. Da majigi ya hasko rubutun sai na ce a kashe. Na gaya musu ni ce malamar yarinyar nan. Na gaya musu abin da ta tambaye ni da amsar da na ba ta, da inda babur ɗin mahaifinta yake, da inda ita take. Na ce in an ce su turo rubutun yara, su fara zuwa gidan su zauna da iyayen, su karanta musu, in ba haka ba kada su tura ko da za a hana su satifiket.

Ban kai ƙarshe ba Raihana ta karɓi makirufo ta ce lokacin shayi ya yi. A waje ta ce na ba ta kunya, na ɓata aikin da mutane da yawa ke amfana da shi saboda abu ɗaya da ya faru bisa kuskure. Idonta ya yi ja, ina jin ita ma tsoron aikinta take. Da yamma aka ce an sauya tsari, wani zai ƙarasa sauran kwanakin, aka sa ni a mota.

Kada ka ɗauka ɗakin ya girgiza. Da na fito, gardamar da na tarar ita ce ko za a biya kuɗin mota yau ko sai ranar rufewa. Wata dattijuwar malama ce kaɗai ta biyo ni ta riƙe hannuna, ta tambayi sunan mahaifiyar yarinyar, ta ce za ta sa ta a addu'a. Hajiya Hadijatu kuwa ta ce na rufe wa makaranta ƙofa, kada in ƙara sa ran wata bita. Ban sa ba.

Malam Sha'aban ya tafi Damagaram wajen wani ɗan'uwansa neman aiki. Shatu ta fara soya awara tana kaiwa kasuwar Mai'adua. Ran kasuwar da ta wuce na je sayen kayan miya, sai na hango Khairunnisa a bakin layin 'yan tumatir, zaune gaban kasko. Na yi niyyar in canza hanya, ƙafata ta ƙi.

Ta gan ni ta durƙusa ta gaishe ni, kamar yadda ake gaida kowace babba. Ta rame. Na tsuguna kusa da ita, mutane na wucewa ta kanmu, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Malama." Ta ci gaba da juya awara. Sai na ji bakina ya tambaye ta ko tana ɗan rubutu har yanzu.

Ta kwashe awarar da ta soyu. Sannan ta ce, "Ina yi. Na kasa bari. In na gama sai in sa a murhu."

Wani ya zo sayen awara, ta juya wajensa. Na miƙe na tafi, kayan miyan ma ban saya ba.

Baba, ni na koya mata. Da ban je Daura ba da tana nan a bencin baya jikin taga, ba wanda ya san muryarta, tana shirin jarrabawa. Na kan ce da haka ya fi, sai kuma in tuna abin da ta rubuta in kasa faɗa har zuciya. Ban san wanne ne daidai ba, kuma waɗanda suka jawo abin ba sa kwana da wannan tambayar.

Ran Litinin za a koma makaranta, aji biyar nake da su da safe. Za su buɗe littattafai su zuba mini ido, ni kuma har yanzu ban san abin da zan rubuta musu a allo ba. Kai ka daɗe a gaban allo fiye da ni. In kana da abin da za ka ce, direban zai dawo ran Lahadi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka gaida Goggo.

Ni ce 'yarka,
Murjanatu Hussaini.